A ba mu ɗakin dafa labari tukuna, zancen dandamali ya biyo baya

A gidan suna aka tayar da maganar, bayan an ci an sha ana jiran mai jego ta fito a yi hoto. Wata ƙawata da muka yi makaranta tare tace ita fa tana ta tunanin mu haɗu mu kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta mata zalla, mu dinga ƙirƙiro sabbin wasanni da kanmu muna gwadawa. Kai, kafin ta rufe baki an yi mata caa. Wannan tace yanzu waye yake zuwa kallon wasan dandamali, waccan tace ai fim ya binne shi tun zamanin kaset, wata kuma tace to ke da ko bikin dangi sai da roƙo maigidan yake barinki. Aka yi dariya aka koma zancen anko. Ni ban tofa ba a wajen don bakina cike yake da cincin, amma tun ranar abin yake cina a rai, kuma ni dai ina bayanta ɗari bisa ɗari. Dandamalin kansa bai dame ni sosai ba. Abin da na ga ba mu da shi, shi ne wajen da mace za ta kawo ɗanyen labari a zauna a dafa shi har ya nuna kafin a kai wa jama'a.

Akwai wasu mata a Jamaika da nake yawan tunawa duk sanda irin wannan zance ya taso. A shekarun 1970 gwamnatin Michael Manley ta fito da wani shiri na ba talakawa aikin wucin gadi, aka ɗebi mata da yawa a Kingston, babban birnin ƙasar, aka miƙa musu tsintsiya suna sharar titi. Daga baya aka zaɓi wasu cikinsu aka fara koya musu aikin taimaka wa malaman makaranta. A 1977 za a yi bikin makon ma'aikata, sai 13 daga cikin matan nan suka ce su ma suna son yin ɗan wasa, aka haɗa su da wata malama daga makarantar koyon wasan kwaikwayo ta ƙasar mai suna Honor Ford-Smith. Da ta tambaye su a kan me za a yi wasan, sai suka nuna mata su wahalar da suke sha a matsayinsu na mata suke so a nuna. Ɗan wasan farko a kan mata masu aiki a kamfanin ɗinki ne da suke ƙoƙarin kafa ƙungiyar ƙwadago. Daga nan aka haifi ƙungiyar Sistren, wato 'yan uwa mata da yarensu na Patwa, wannan turancin nasu na gida da 'yan boko suke raina wa.

Yadda suke aiki shi ne abin da ya fi tsaya min. Ba wanda ya miƙo musu rubutaccen labari yace ku haddace. Za a zauna, a fara da wasannin yara irin namu na gaɗa, ana tafi ana waƙa har jiki ya saki kunya ta ragu, sai wata ta ba da labarin abin da ya taɓa faruwa da ita, sai wasu biyu su tashi su kwaikwaya, sai mai labarin tace a'a ba haka ya faɗa ba, ga yadda ya faɗa, a sake, gobe a dawo a sake, wata ta tuna nata makamancinsa a haɗa, a haka a haka har wasa ya miƙe da ƙafarsa. Da wannan hanyar suka fitar da babban wasansu na farko a 1978, Bellywoman Bangarang, a kan 'yan mata ƙanana da ciki da haihuwa da abin da ke tsakanin uwa da 'yarta. Abin da suka sani ne a jikinsu, ba bincike aka tura su ba.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na 1981. A ranar 20 ga Mayun 1980 gobara ta tashi cikin dare a gidan gajiyayyu na Eventide a Kingston, tsofaffin mata sama da 140 suka ƙone a ɗakin katako. Shekarar zaɓe ce mai zafi wadda aka kashe ɗaruruwan mutane a rikicin siyasa, aka yi ta zargin da gangan aka cinna wutar. A jarida matan nan adadi ne kawai. Sistren suka ɗauki uku daga cikin mazauna gidan, Queenie da Pearlie da Hopie, suka gina wasa a kan rayuwarsu tun suna da ƙarfinsu, mai wa'azi da wadda gidansu suka kora da wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana aikatau a gidan masu kuɗi, suka sa wa wasan harufan farko na sunayensu, QPH. Har suka saka wata al'adar tunawa da mamata da ake kira Ettu, wadda asalinta daga ƙasar Yarbawa ta tsallaka can. Ku duba fa, masu sharar titi ne suka zauna suka ce tsohuwar da ta mutu a gidan gajiyayyu ta isa a yi wasa guda a kanta. Ni ban ga furodusan da zai zuba kuɗinsa a wannan labarin ba, ko a can ko a nan.

To bari in dawo kaina. Shekarun baya ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata, aka ɗora min shirya wasan ranar yaye ɗalibai. Na zauna na rubuta wasa a kan saki, ina ji da kaina sosai, musamman wajen da miji ya miƙa wa matar takarda, na ba ta jawabi kusan shafi guda, tana cewa na ba ka ƙuruciyata na ba ka lafiyata na haifa maka 'ya'ya, duk irin wannan dai da muka saba ji a fim. Muna gwaji a ɗakin cin abinci, akwai wata dattijuwa cikin masu dafa wa ɗalibai abinci, Iya muke ce mata, tana gefe tana tsince shinkafa a faranti. Yarinyar ta gama jawabinta har da hawaye, 'yan uwanta suka tafa. Sai Iya ta ɗago ko dariya babu tace, "Malama, wannan ba a taɓa sakinta ba." Nace Iya kamar yaya? Tace, "Ranar da aka ba ni tawa, tuwo ne a kan wuta. Na karɓa na sa a ƙarƙashin tabarma na je na tuƙe tuwona na kwashe, na zuba wa yara, na zuba masa nasa na rufe. Sai da na zo ƙirga kwanukana da daddare na ga murfi ɗaya ya ɓata, a kan murfin nan na yi kukan."

Wallahi shiru ɗakin ya yi. Na koma gida na yage shafin nan gaba ɗaya, muka sa murfin kwano a madadinsa, ranar wasan kuwa iyaye mata a layin baya sai share ido suke da gefen mayafi. Ni na yi digiri, na karanta littattafan wasan kwaikwayo, amma da zan shekara goma a kan tebur ba zan ƙago murfin nan ba. Kuma da akwai namiji ko ɗaya a ɗakin, ko da maigadi ne, Iya ba za ta buɗe baki ba, ni na san wannan kamar yunwar cikina.

Wannan ita ce amsata ga masu cewa me ya sa sai mata zalla, ai wariya ce. Akwai maganar da mace ba ta yi sai an rufe ƙofa, kuma kowa ya sani, shi ya sa hirar ɗakin mai jego daban take da hirar falo. Labarin da bai riga ya yi ƙwari ba kamar jariri yake, ba a fita da shi iska kafin suna. In ya yi ƙwari a fito da shi kowa ya kalla, Sistren ma ai ba su hana maza kallo ba, har ƙasashen waje suka yi ta yawo da wasanninsu. Kuma ba su kaɗai ba ne a wancan zamanin. A 1978 wata mai shirya wasanni, Julia Miles, ta kafa ƙungiyar Women's Project a New York saboda ta ga wasannin da mata suka rubuta ba kasafai suke kai wa dandamali ba, har yau suna ɗaukar marubuta da daraktoci mata su riƙe su shekara biyu ana gyaran aiki tare. A Ingila kuma wasu fursunoni mata biyu ne suka fara ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Clean Break a 1979 daga gidan yarin Askham Grange, yanzu a Landan take, tana biyan marubuta mata su rubuta sabbin wasanni a kan matan da suka faɗa hannun hukuma.

Mu a nan ba marubuta muka rasa ba, wannan kam sai dai mu ba wasu aro. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai sayar da littattafan Hausa ya san sunayen mata ne suka cika bango, tun daga su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa har zuwa yaran yanzu da suke rubutu a waya. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna yawan matan da suke da labari a ciki. Amma ku kalli yadda mai rubutu a waya take aiki: ta rubuta shafi da daddare bayan ta kwantar da yara, ta tura a WhatsApp, kafin asuba masu karatu sun cika ta da Anty ci gaba dan Allah, Anty kar ki kashe mana wance, gobe dole ta sake turo wani ko a ce tana ja musu rai, yaushe za ta koma baya ta gyara babi na uku? Ba wanda zai tashi tsaye ya faɗi maganar da ta rubuta da baki don ta ji ko tana zama a harshe. Idan kuma Allah ya sa wani furodusa ya ga labarin, sai ya saya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a kai lokeshin, a canja ƙarshen, matar da ta tsaya da ƙafarta a littafi a fim sai ka gan ta durƙushe tana neman gafara. Na ga an yi wa wata da na sani haka, ranar da fim ɗin ya fito ko kallonsa ba ta iya ƙarasawa ba.

Shi ya sa mai cewa dandamali ya mutu bai kama bakin zaren ba. A ce ma ya mutu ɗin. Wasan da aka dafa wata shida a tsakar gida, aka karanta da baki, aka gwada gaban mata talatin aka ga inda suka yi dariya da inda suka fara duba waya, in an ga dama a ɗauke shi da kyamara a sa a YouTube, ko a kai rediyo, zai fi wanda aka rubuta a mota ana hanyar lokeshin. Gwajin ma shi ne mafi arha a duk harkar nan, ba kyamara ba janareta ba kuɗin otal, tabarma ce da ruwan sha.

Batun kuma wai ba al'adarmu ba ce, wannan dariya yake ba ni. Su wa suke wasan gauta a gidajen sarauta, in ba matan fada ba, su sa rawani su kwaikwayi sarki da hakimansa har a gane wanda ake nufi? A tashe 'yan mata ba sa yin Mairama da Daudu, ɗaya ta sa kayan maza ta zama mijin? Bikin 'yar tsana fa, da kai lefe da faɗan dangin miji da komai? Amada kanta, wadda su Barmani Choge suka kai ko'ina, ai a taron mata ta girma. Mun san yadda ake taron mata zalla da rana tsaka a tashi kafin magariba, kamu da wuni da walima duk haka ake yi, ba wanda ya ce an saɓa wa addini don mata sun taru a gida ɗaya. A jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma tun tsakiyar shekarun 1970 ɗaliban wasan kwaikwayo suke shiga Samaru da ƙauyuka suna gina wasa daga matsalar mutanen wajen. Kayan haɗin duk muna da su a warwatse.

Inda nake jin tsoro, kuma inda nake so ƙawata ta buɗe kunne, shi ne kuɗi. A nan ma Sistren ɗin ce za ta koya mana, don labarinsu ba duka ne mai daɗi ba. Da jam'iyyar Edward Seaga ta ci zaɓen 1980, shirin da matan nan suke samun albashi a cikinsa ya tsaya, dole suka koma neman tallafi daga ƙungiyoyin ƙasashen waje. Tallafin ya zo, amma da sharaɗinsa. Ita Ford-Smith da kanta ta zauna a ƙarshen shekarun 1980 ta rubuta abin da ya biyo baya: masu ba da kuɗi sun fi son ƙananan ayyuka masu wa'adi da za a rubuta musu rahoto a kai, ba sa son biyan albashi da haya da sauran abin da ke riƙe ƙungiya, sai lokacin ƙirƙira ya dinga tafiya a cike takardu. Sannan wa ya iya rubuta takardar neman tallafi da turancin da Bature zai karɓa? 'Yan bokon cikinsu. Sai ƙarfi ya dinga zamewa daga hannun masu labarin zuwa hannun masu biro, a ƙungiyar da aka kafa don kowa ya zama daidai da kowa.

Wannan ciwon mun san shi. An taɓa gayyata ta wani wasan wayar da kai da wata ƙungiya ta ɗauki nauyi, labarin da turanci aka turo shi daga Abuja, muka kwana muna fassarawa, an lissafo saƙonni biyar da dole sai sun fito daga bakin 'yan wasa. Yarinya ta yi aure da wuri, ta sha wahala, ma'aikaciyar asibiti ta fito ta yi lacca, uba ya yi nadama nan take yace daga yau na gane. Uban wa ya taɓa ganewa cikin minti ashirin? Matan unguwa suka zauna suka kalla da ladabi, aka raba sabulu da lemo, aka ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Ba ƙarya aka faɗa a wasan ba, matsalar gaskiya ce, amma ba muryar kowa a ciki. Da Iya tana wajen da ta ce wannan ba a taɓa aurar da ita ba.

Don haka ni shawarata, in za a yi, a fara da kuɗin da ba mai tambayarmu rahoto. Adashe muka iya, kuma abin mamaki su ma mutanen Jamaika suna da irinsa, pardner suke ce masa. Mata goma sha biyu, kowa ta zuba abin da za ta iya duk wata, kwasar ta tafi ga wadda wasanta ke kan wuta, ta biya kuɗin motar 'yan wasa, ta biya mai rainon yara na awa uku, ta sayi katin waya. Sistren ma sun gwada buga zane a kan yadi suna sayarwa don su samu na kansu. Ba zai isa a yi abin kece raini ba, na sani, wasan farko ƙila a garejin wata za a yi shi da labulen gado. In daga baya mai tallafi ya zo, ya tarar da mu da wasanninmu a hannu, ya ɗauki wanda ya yi masa ko ya bari.

Sai abu na biyu, wanda ya fi na kuɗin wuyar faɗa. Mata zalla ba yana nufin an zama ɗaya ba. In muka kafa ƙungiyar nan mu 'yan boko masu mota, muka kira su Iya su ba mu labari mu rubuta mu sa sunanmu a fosta, to mun zama furodusan da muke zagi, sai dai mu da ɗankwali. Hajiya da 'yar aikinta duk mata ne, amma in suna ɗaki ɗaya ɗaya ce take magana. Dole wadda ta kawo murfin kwano sunanta ya fito, in an samu kuɗi ta samu kasonta, kuma ta isa tace a cire wannan wajen ban yarda a nuna ba. Ni kaina ban yi wa Iya haka ba. A takardar shirin bikin sunana ne kaɗai a ƙarƙashin wasan, ita kuwa tana kicin tana kwashe shinkafar baƙi lokacin da ake tafa min, ko kallon wasan ba ta samu yi ba. Na bar makarantar ban gyara wannan ba, kuma har yau in na tuna sai na ji wani iri.

Na kira ƙawar tawa shekaranjiya nace mata ina ciki. Ta ce tana da mata huɗu, ni ma na samo biyu, ɗaya ungozoma ce ɗaya kuma mai kitso, wadda in ta fara ba ki labarin gidajen da take shiga sai kin manta ana ja miki gashi. Mun tsayar da Asabar bayan la'asar. Tsakar gida muke nema yanzu mai ɗan faɗi, wadda maigidan ba ya dawowa sai bayan isha'i.